Wejin da ke cikin giya: Gwajin minti biyar da masu motar otomatik ke tsallakewa

Duk wanda ya taɓa bin babbar mota daga Arewa zuwa Kudu ya san aikin yaron mota a kan gangare. Da zarar direba ya tsaya, yaro zai dira da gungumen katako a hannu, ya cusa shi a ƙarƙashin taya. Ba kuma zai zare wejin nan ba sai ya tabbata maigidansa ya zauna daram, ƙafarsa na kan birki. Har gobe haka ake yi a wuraren da motocin albasa da tumatir da shanu ke sauke kaya a Fatakwal da Anacha da Inugu.

Ƙaramar mota mai giyar otomatik ita ma tana da nata wejin, tana kuma da nata yaron motar, sai dai dukansu a ɓoye suke. Wejin shi ne wata ƙugiyar ƙarfe da ke cikin giyabos, wadda ke shiga tsakanin haƙoran wani faifai idan an kai sandar giya kan harafin P. Yaron motar kuwa shi ne makullin da ke hana sandar barin P muddin ba a taka birki ba. Mai saye yakan saurari inji, ya shafa fenti, ya ji sanyin esi, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga. Da wuya ya gwada wannan makulli, alhali gwajin bai wuce minti biyar ba, kuma ba ya buƙatar ko sufana ɗaya.

Abin da ya haɗa ma'aikacin Abuja da zangon Kudu

Tun da gwamnatin Obasanjo ta fara mayar da alfarmar gida da mota zuwa kuɗin alawus a 2003, akasarin ma'aikatan tarayya da aljihunsu suke sayen abin hawa. Ƙarfin mafi yawansu bai wuce motar hannu ba, wadda ake kira ƴar Kwatano ko Beljiyom ko da kuwa daga Amurka ta taso. Motocin Amurka kusan dukansu otomatik ne, shi ya sa Camry da Accord da Corolla da Sienna da suka cika farfajiyar Sakatariyar Tarayya ba su da kuloci.

Aiki kuma yakan kai mai mota da motarsa nesa da gida. Wani a tura shi tashar jiragen ruwa ta Onne ko matatar mai ta Alesa-Eleme ko hedikwatar hukumar NDDC a Fatakwal. Wani ya samu kansa a Runduna ta 82 a Inugu, wani a tashar kogi ta Anacha. Duk inda ɗan Arewa ya sauka, zango yake nema ranar Juma'a: babban masallacin da ke titin Bida da kasuwar bakin gada a Anacha, unguwar Ama Hausa da titin Owerri a Inugu, tsohon gari da Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal. Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Waɗannan unguwanni halinsu ɗaya: sana'a a bakin titi take. Mai tsire da mai shayi da mai gyaran takalmi da ɗan canji duk a gefen kwalta suke, tabarmar sallah kuma takan malalo har gindin motocin da aka ajiye. Motar da ta motsa taku uku ba direba a irin wannan wuri mutum za ta tarar. Akwai kuma wani nauyi na daban da ke kan baƙo. Hatsarin da a gida za a kira tsautsayi, a yi jaje a watse, a garin baƙunta yana iya zama wutar da sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa za su kwashe kwanaki suna kashewa.

Makullai uku da ƙugiya ɗaya

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. A saman fedar birki akwai ɗan ƙaramin suwichi, wanda shi ne ke kunna fitilun birki na baya. Idan aka taka birki, suwichin zai aika wuta zuwa wani maganaɗisun lantarki da ke gindin sandar giya, wanda makanikai ke kira solonoyid. Shi kuma zai janye wani tsinken ƙarfe ko roba da ya tokare sandar. A mota mai lafiya, idan aka kashe rediyo aka taka birki, za a ji ɗan sautin "ƙas" daga wajen giya. Sautin janyewar tsinken ke nan. A wasu tsofaffin motoci igiyar ƙarfe ce ke yin aikin a madadin wuta.

Makulli na biyu yana wurin ki, aikinsa hana zare ki sai giya tana kan P. Shi ke tsare mai gaggawa daga kashe mota a kan D ko N ya fice abinsa. Na uku shi ne suwichin da ke hana inji tashi sai a P ko a firi, wato N. Ba don shi ba, motar da aka tayar a kan R za ta zabura baya nan take, domin giyar otomatik tana jan mota a hankali ko ba a taka totur ba.

Ita kuwa ƙugiyar P giyabos kawai take riƙewa, ba ta taɓa birkin taya ko ɗaya. Saboda an tsara tayoyi biyu masu jan mota su iya juyawa da gudu daban-daban a kwana, idan mai faci ya ɗaga ɗayansu da jak, ko ɗayansu ya hau santsi, mota tana iya gangarawa alhali giya na kan P. Wannan ne dalilin da ya sa littafin kowace mota ke cewa a ja birkin hannu a duk tsayuwa.

Yadda makullin ya zama doka

Hatsari ne ya haifi wannan na'ura. A Nuwamban 1986 shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS a Amurka ya watsa rahoto kan motar Audi 5000, wadda masu ita ke cewa tana zabura da kanta idan an fitar da giya daga P. A 1987 kamfanin ya kira motocin domin sanya musu makullin da ke tilasta taka birki. Binciken da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta fitar a 1989 ya nuna cewa galibi direbobi ne ke taka totur suna zaton birki ne. Duk da haka cinikin Audi a ƙasar ya faɗi daga motoci kimanin 74,000 a 1985 zuwa kimanin 12,000 a 1991. Sauran kamfanoni suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

Daga 1992 ƙa'idar Amurka mai lamba 114 ta hana ƙera motar otomatik da za a iya zare mata ki ba a kan P ba. Ƙa'idar ta kuma tanadi cewa motar da aka bari a P a kan gangare mai kashi 10 cikin 100 kada ta motsa fiye da milimita 150. A Fabrairun 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar kare yara a cikin mota da kewayenta, wadda aka sa wa sunan Cameron Gulbransen, yaro ɗan shekara biyu da mota ta taka a ƙofar gidansu a 2002. Dokar ta wajabta cewa daga 1 ga Satumban 2010 kowace sabuwar motar otomatik ta kasance da makullin birki da giya mai aiki a duk matsayin da ki yake.

Wannan kwanan wata yana da muhimmanci ga mai saye a Najeriya. A wasu motocin da aka ƙera kafin lokacin, makullin yana aiki ne kawai idan ki ya kai matsayin ON. Idan aka tsaya a tsakiya, inda rediyo ke kamawa amma inji a kashe, sandar tana iya fita daga P ba tare da birki ba. Matsayin da uba ke barin ki ke nan idan ya bar yara suna jin waƙa ya tsallaka sayen kilishi.

Ko motar da ta fito da makullin ma ba ta tsira daga lalacewa ba. A 2010 kamfanin Honda ya kira motoci sama da 380,000 a Amurka, ciki har da Accord ƙirar 2003, wadda ƴan Najeriya ke yi wa laƙabi da End of Discussion, saboda makullin ki yana cinyewa har a iya zare ki ba a kan P ba. A 2013 Hyundai da Kia sun kira motoci sama da miliyan 1.6 saboda matsalar suwichin fitilar birki. A Afrilun 2016 Fiat Chrysler ya kira motoci kimanin miliyan 1.1 saboda wata sandar giya ta lantarki da ke ruɗar direbobi su ɗauka sun sa P. Wata biyu bayan haka ɗan wasan fim Anton Yelchin ya rasu a Los Anjalas, bayan motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi a ƙofar gidansa.

Ba kowace motar da aka kira ce aka mayar gyara kafin a sayar da ita gwanjo ba. Tun 2014 shafin NHTSA na intanet yana ba kowa damar shigar da lambar cesis mai haruffa da lambobi 17 domin ganin ko akwai kiran da ba a amsa ba. Watan da aka ƙera mota da shekararsa kuwa suna rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Gwaji huɗu

A nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda babu mutum ko bango a gaba da baya. A ja birkin hannu har ƙarshe, kuma ƙafar dama ta kasance kusa da birki, a shirye.

Gwajin farko na makullin giya ne. Inji a kashe, a murɗa ki zuwa ON, inda fitilun dashbod ke kamawa. A motar da ake tayarwa da maɓalli, a danna shi sau biyu ba tare da taka birki ba. Sai a gwada fitar da sandar daga P da ƙarfin da aka saba, ba a taka birki ba. Bai kamata ta motsa ba. A maimaita a matsayin rediyo, a sake maimaitawa bayan an zare ki. Daga nan a koma ON a taka birki, a saurari sautin nan, a ga sandar ta fita cikin sauƙi. Wani kuma ya tsaya gefe, ba bayan motar ba, ya tabbatar fitilun birki suna kamawa idan an taka, suna mutuwa idan an saki.

Na biyu na tayar da inji ne. Ƙafa a kan birki, a gwada tayarwa a R, sannan a D. Bai kamata inji ya ko yi tari ba. Idan ya tashi, a kashe shi nan take, motar nan sai gareji.

Na uku na ki ne. A kai giya N ko D, a kashe inji, a gwada zare ki. Bai kamata ya kai matsayin kulle ba, balle ya fito. Mota mai maɓalli kuwa ko dai ta yi ƙara tana gargaɗi a koma P, ko ta koma P da kanta.

Na huɗu shi kaɗai ke buƙatar gangare, kuma sai inda babu kowa a ƙasa. Inji na aiki, giya a N, birkin hannu a jaye, a ɗage ƙafa daga birki sannu a hankali. Birkin hannu shi kaɗai ya kamata ya riƙe motar. Sannan a sake taka birki, a sa P, a saki birkin hannu, a ɗage ƙafa a hankali. Motar za ta ɗan zauna kaɗan ta tsaya. Idan ta ci gaba da silalewa, ko aka ji ƙarar haƙora na tsallake juna, ko dai ƙugiyar ta ci, ko igiyar giya ta saki har sandar na nuna P alhali giyabos bai shiga ba.

Ruwa a Fatakwal, kaya a Anacha, gangare a Inugu

Kowane gari da irin hanyar da yake bi ya lalata makullin. Fatakwal gari ne shimfiɗaɗɗe mai samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kuma titunansa kan cika idan damina ta kankama. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin kafet ba ya bushewa da wuri. Yana cin soket da wayoyin da ke bin ƙasan mota zuwa gindin giya, sai makulli ya fara aiki yau ya ƙi gobe. Wata motar ma da ciwonta ta shigo. Guguwar Harvey ta 2017 kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma motocin ambaliya suna cikin waɗanda ake gwanjo a fitar ƙetare. Warin danshi, tsatsa a dogon kujera da tabon laka a ramin taya safaya alamu ne da suka isa a kira mai gyaran waya, wato rewaya, ya buɗe murfin giya kafin a biya kuɗi. Kasuwar Ikoku da ke Diobu nan ce cibiyar kayan gyara a garin.

Anacha kuwa a tsakiyar kasuwancin kayan mota take: sababbi a Nkpor, na hannu a Mgbuka Obosi, ga kuma Nnewi ba nisa. Yawan kaya alheri ne, amma yana zuwa da tarko. Suwichin birki na motoci da yawa kama ɗaya suke a ido, alhali wani mai ƙafa biyu ne, wani mai huɗu, kuma tsayin harshensu ya bambanta. Wanda bai dace ba yana iya barin fitilun birki a kunne har batir ya mutu, makullin giya kuma ya zauna a buɗe kamar an taka birki dindindin. Haka ma idan ɗan robar da ke jikin fedar birki, wanda ke danna harshen suwichin, ya tsufa ya farfashe. Gutsattsarin roba a kan kafet ɗin direba shaida ce. A tafi kasuwa da tsohon suwichin a hannu da lambar cesis a takarda, kuma a maimaita gwajin farko bayan an ɗaura sabo. Garin kansa daga tudu yake gangarowa zuwa kogin Kwara, kuma can ƙasa a bakin gada ne taron ya fi cika.

Inugu, sunanta ma a harshen Ibo kan tudu yake nufi, kuma duk wanda ya sauko ta tsaunin Milliken daga Ngwo ya san dalili. Lissafin gangare ba shi da tausayi. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi da ke tsaye a gangare mai kashi 10 cikin 100 tana ja da ƙarfin da ya kai kusan kilo 150, nauyin buhun hatsi ɗaya da rabi. Idan ta kuɓuce, kafin ta yi mita 10 gudunta ya kusa kilomita 15 a awa, wanda ya wuce abin da mutum zai tare da ƙirji. Direban da ya saba sa P ya saki birki kafin ya ja birkin hannu yana ɗora duk wannan nauyi a kan ƙugiya guda. Shi ya sa da safe sandar ke ƙin fita, idan kuma ta fita sai da ƙara mai ƙarfi. Tsarin da ya dace shi ne a taka birki, a sa N, a ja birkin hannu, a ɗan saki ƙafa motar ta zauna a kansa, sannan a sa P, a karkata tayoyin gaba zuwa gefen titi.

Idan giya ta maƙale

Mafi yawan makullan da suka daina aiki ba da kansu suka mutu ba, hannu ne ya kashe su. Giya ta maƙale a P, oga na jira, sai a kira makanike mafi kusa. Shi kuma ya buɗe murfi ya ɗaure tsinken da waya, ko ya karya shi, mota ta tafi, kowa ya yi murna. Daga ranar nan gwiwar fasinja ko hannun yaro ya isa ya fitar da giya.

Ga shi kuwa masu ƙera mota sun tanadi mafita. Kusa da sandar giya a yawancin motoci akwai ɗan maɓalli ko ɗan rami mai murfi. A ja birkin hannu, a taka birki, a danna cikin ramin da ki ko sukundireba, sandar za ta koma N, a tayar daga nan. Hanya ce ta kai mota gareji kawai. Maƙalewar kanta saƙo ce: sau da yawa fiyus ɗin fitilun birki ne ya ƙone, ko suwichi ya mutu. Ma'ana, motar da aka fitar ta wannan rami wataƙila ba ta da fitilar birki ko ɗaya. Wanda ya kama hanyar Ninth Mile zuwa Otukpo da Makurɗi da Lafiya da dare a haka, tirela na bin bayansa, ya sayi abin da ya fi maƙalewar giya tsada.

Saboda haka a fara da fitilun baya, sai fiyus, sai suwichi da robarsa, sai ƙarfin batir, sannan solonoyid da kansa, wanda wani lokaci lemon da ya zube ne kawai ya danƙare shi. A yi hattara kuma da motar da aka juya wa sitiyari, da wadda aka sauya wa giyabos, da wadda aka ɗaura wa na'urar bin sawu ko ta tayarwa daga nesa, domin a irin waɗannan ayyuka ne ake yanka wayoyi a manta da wasu.

Jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra zai iya ganin fitilar da ta mutu daga bakin hanya, amma ba shi da yadda zai ga tsinken da aka ɗaure a ƙarƙashin murfin giya. Wannan aikin mai mota ne, da jami'in sufuri da ke karɓar motocin ofis, da hadimin da ke barin inji a kunne saboda esi yana jiran maigida ya fito daga taro. Layi ɗaya a takardar miƙa mota daga direba zuwa direba ya wadatar: an gwada makullin giya, ranar kaza. A maimaita gwajin a duk juyen mai, da bayan duk aikin da rewaya ya yi, da kuma kafin a ɗebo iyali a kama hanyar gida hutun Sallah. Fiyus da roba da suwichi suna cikin mafi arhar kayan da ke jikin mota, kuma ana samunsu a Ikoku da Nkpor da Coal Camp kamar yadda ake samunsu a Apo.